Kofi Arba'in da Ɗaya

Ni ce mai wanke kofunan jibi
a majami'ar da ke kusa da gadar Garwa,
inda Binuwai ke jan ƙafa da rani
kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Kofi arba'in, ƙanana, na roba,
daro guda, sabulun sanda,
sai zoɓon da nake dafawa daren Asabar
ya tsaya mana a madadin jinin.

Da labari ya bazu cewa Keziya
na bin layin karɓar ƙwaya duk farkon wata,
Dattijo Taiwe ya ja ni gindin dalbejiya,
ya miƙo mini sabon kofi a leda,
an ɗaura masa jan zare a wuya.
Ya ce, "Ba ƙyama ba ce, Damaris, kiyayewa ce.
A ware mata wannan."
Na karɓa da hannu biyu.
Shi ya biya wa ƙanena kuɗin makaranta,
bakin da ya ci kuwa nauyi gare shi.

Daren nan na zauna da kofin a cinya.
Karatuna bai wuce aji huɗu ba,
amma 'yar asibiti ta faɗa mana a zumuntar mata
cewa ciwon ba ya bin bakin kofi.
Shi kuma wanda muke sha don tunawa da shi,
kutare ma da tafin hannu ya taɓa su,
bai nemi kara ba.
Na sa haƙori na tsinke zaren.
Na jefa kofin cikin 'yan'uwansa, na juya daro.
Arba'in da ɗaya.
Mai ido ya zo ya tsamo shi.

Ran Lahadi tire ya zaga.
Keziya ta ɗauka, zoɓon na rawa a hannunta.
Dattijo ya dubi tire, ya dube ni,
ya daɗe yana duba,
sannan ya rufe ido ya sha.
Wata uku bai amsa gaisuwata ba.
Ban fasa gaishe shi ba,
har da tambayar ƙafarsa mai kumburi.

Kada a ɗauke ni waliyyiya.
Litinin ta fi Lahadi wuya.
A kasuwa ina auna masakwa,
kuma na san yadda ake ƙwanƙwasa gindin kwano
ya ci hatsin mai saye ba a gani.
Shekara biyu na yi da irin kwanon nan.
Yanzu yana gida, kaji ke shan ruwa a ciki,
amma duk ranar da ciniki ya mutu
sai in ji yana kirana.

Da mijin Goggo Dudu ya rasu
ni na jawo ruwan wankan gawa, jarka shida.
Wata ta ce, "Ai ba hanyarmu ɗaya ba."
Na ce hanyar famfo dai ɗaya ce.

Akwai abin da har yau ban gane ba.
Yoila, ɗana, kogin nan ya ci shi da damina,
shekararsa tara, ya je wanke keken wani.
Na tambayi Fasto, na tambayi Mai Sama.
Fasto ya yi ƙoƙari.
Ɗayan bai ce komai ba tukuna,
ni ma ban janye tambayar ba,
da ita nake durƙusawa.

Jiya Asabar, zoɓo na kan wuta,
sai ga sallama a ƙofa.
Keziya ce, da sosonta a hannu.
Ta ce, "An ce aikin ya yi miki yawa."
Na ce, "Wa ya ce?"
Ta yi dariya, ta naɗe hannun riga.
"Wani tsoho mai ɗingishi," in ji ta,
"ya ce kada in faɗi sunansa."

Na matsa mata a tabarma.
Ita wanki, ni ɗauraya.
Mun ƙirga sau biyu saboda surutu,
ba mu samu daidai ba ko sau ɗaya.