Gida Ɗari Uku da Sha Ɗaya

Ni ke yanka kati a ƙaramin asibitin Ƙofar Marusa.
Shekara tara ina bayan tagar nan,
na san tarin kowa tun kafin ya yi gaisuwa.

Ran Litinin takarda ta zo da hatimi biyu:
kowane gida zai sa hannu, a ba shi likitansa,
mai sanin ciwon kaka da rigakafin jika,
a kira shi a waya ko da tsakar dare ne.
Aka ɗauko Dakta Mannir kan kwantiragin shekara,
aka ɗora masa gida ɗari uku da sha ɗaya,
mu kuma aka ce mu ne ƙafafunsa cikin unguwa.

Barira mai allura ta aje cokalin shayinta.
"Ƙafafu? Wa zai saya wa ƙafafun takalmi?
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!
Shi alawus, mu lungu-lungu da tsakar rana,
albashin watan jiya ma har yau yana kan zuwa."

Tukur na ɗakin magani bai ɗago kai ba.
Ya ce ya ga irin wannan shiri sau uku,
kowanne da riga mai rubutu da jakar goyo.
Jakar ƙarshen tana gidansa, ana zuba mata dawa.

Ni ban ce uffan ba, sai rubutu:
sunan mai gida, yara nawa, wa ke shan maganin me.
Biro huɗu suka mutu a hannuna,
in na kwanta lambobi ke yawo a idona.
Na ji haushin Daktan, ban kuwa ɓoye ba,
har ranar da na iske shi bayan La'asar
yana cin ƙosan da ya huce tun safe,
wayoyi biyu na kuka a aljihunsa.
Ya ce, "Malam Isyaku, ni ma wata biyu ke nan."
Haushina ya tsaya a wuya, ba haɗiya, ba tofarwa.

Alhamis ina jera fayil
lamba tamanin da bakwai ta riƙe min yatsa:
Alhaji Ɗanbaba tela, mai hawan jini,
sati biyu bai zo karɓar ƙwayarsa ba.
A da wa zai lura? Kati ne cikin kati.
Na faɗa a fili kamar mai magana da bango.
Barira ta yi tsaki, ta ce ba aikinta ba ne,
an tashi, ta ɗau jaka, sai da safe.
Ashe abin awon jini na ƙarƙashin mayafinta,
ashe ba gida ta nufa ba, ta ratse ta bayan kasuwa.

Ta same shi kan keken ɗinki, hannun hagu ya yi nauyi,
baki ya fara karkacewa, yana cewa gajiya ce.
Ta kira Dakta, ta tare a-daidaita da jikinta.
Kafin Isha'i suna babban asibiti, an ɗaura ruwa.

Washegari ta shigo idanu jawur.
Na buɗe baki zan ce sannu, ta ɗaga hannu:
"Kar ka fara. Dubu biyu da ɗari biyar na kashe.
Rubuta a littafin nan naka,
in akwai layin da aka bar wa ƙafafu."
Na duba. Babu.
Na ɗau rula na ja da kaina.
Tukur ya yi dariya, amma na ga ya ware
ƙwayoyin gida bakwai a leda, kowace da suna.
Ya ce kar in ɗauka ya yarda da shirin,
so yake kawai jama'a su rage tsayuwa.

Saura wata uku kwantiragin ya cika,
ba wanda ya ce mana za a sabunta.
Barira na cewa gara a soke kowa ya huta,
tana faɗa tana leƙo tagata:
"Gida na nawa ne matar nan ta bayan masallaci,
mai kumburin ƙafa, wadda ta kusa haihuwa?"