Rana a Cikin Cokali

A Tromso rana kan yi yaji a ƙarshen Nuwamba,
ba ta waiwaye sai Janairu ya tsufa.
Ni kuwa, Gunvor, ko tana nan ba ma haɗuwa:
ƙarfe biyun dare nake kunna tanda,
in ta leƙo ina barci, labule a sake.

Shekara goma sha tara ina ɗanɗana kwaɓi,
lakatar yatsa, lomar kirfa, gefen burodin da ya ƙone.
Kaɗan-kaɗan, yadda dusar ƙanƙara ke taruwa bisa rufi,
har igiyar rigar aiki ta kasa zagaye ƙuguna.

Likita Eilif ya juyo mini fuskar kwamfuta.
Lamba biyu: ɗaya ta haura, ɗaya ta faɗi warwas.
Ya ce, "Insulin na zuwa ƙofar tsokarki da sukari a ka,
ya yi sallama, ya ƙara sallama,
masu gida su yi kunnen uwar shegu.
Sai ya kirawo 'yan'uwansa su cika bakin ƙofa,
sukarin kuwa na ta gararamba a jini."

Na ce, "Ɗayar fa?"
"Bitamin D. Fata ke ƙera shi in rana ta shafe ta.
Ɗan wanda kika samu, kitse ya karɓi ajiya
ya kulle, ya hana jini."
Na yi dariya. Ashe rumbu ce ni,
hatsi a ciki, yunwa a waje.

"To wanne ya jawo wanne?"
Ya cire tabarau, ya murza ido.
"Tare muka saba ganinsu. Wanda ya riga zuwa,
ban isa in rantse miki ba."
Wannan ce ta sa na yarda da shi.

Yanzu kwalbar man hantar kifi na kusa da gishiri,
irin wanda kakata ke ɗura mana muna toshe hanci.
Ƙarni ne zalla. Ina haɗiyewa.
In na tashi aiki ba na jiran bas,
gada nake takawa, iska na yankan kunne,
ƙusoshin takalmi na cizon ƙanƙara,
numfashina na gaba ina bin sa.

Jiya da tsakar rana bayan dutse ya yi ja,
minti kaɗan, kamar bakin tanda.
Ba ita ba ce tukuna. Na dai tsaya,
fulawa a gashina, hannu a aljihu,
har mai motar share hanya ya danna mini ham.