Abin da Ake Shimfiɗa wa Taya

Tsakanin Barreirinhas da Atins
babu kwalta, babu allon hanya,
sai farin rairayi, da tafkunan ruwan sama,
da sawun jiya da iskar dare ta share.

A nan motar babana ta kafe,
ranar farko da ya sakar mini sitiyari.
Kunya ta sa na danna totur,
tayoyin baya suka yi ta haƙa wa kansu kabari
har cikin motar ya kwanta a ƙasa
kamar raƙumar da ta ƙi kaya.

"Ɗaga ƙafarki, Josenilde," in ji Baba.
"Wanda ya faɗa rami ba ya neman magirbi."

Fasinja suka sauko, kowa da maganinsa a baki.
Gilvandro ya zaro alluna biyu na roba,
ruwan lemo, masu haƙora kamar na kada,
daga São Luís, kuɗin awaki biyu.
"Ba nauyi," ya ce, "yaro ma ya ɗauka.
Amma idan taya ta yi ta juyawa a kansu
haƙoran narkewa suke yi."

A ƙarƙashin benci akwai farantan kakana,
ƙarfe mai huji-huji, tsatsa ta ci gefe.
Rana ta gasa su, sai da tsumma ake taɓawa,
kuma sun taɓa tashi tsaye
sun fasa wa motar salansa.

Wani ya ce a sa tabarmar ƙafa.
Baba ya yi dariya:
taya za ta haɗiye ta, ta tofar a baya.

Dona Cleonice tana zaune kan akwatin ƙanƙara,
ruwa na ɗiga tsakanin ƙafafunta,
kifin mijinta na jira a bakin teku.
"Ganyen buriti," ta ce, "kyauta ne."
Muka waiga gabas da yamma.
Bishiya mafi kusa tafiyar awa guda ce.

Baba bai ce wa kowa ya yi kuskure ba.
Ya durƙusa da tsinken ashana,
ya sa tayoyin suka yi dogon numfashi,
ɗaya bayan ɗaya,
har suka baje kamar tafin agwagwa.
Ya miƙo mini shebur.
Na kwashe yashi a gaban kowace taya,
na kwashe na ƙarƙashin ciki,
gumi na shiga ido, yashi na komowa,
na sake kwashewa.

Sannan ya ce, "To, zaɓi."

Na cusa allunan roba a bakin tayoyin baya,
inda nauyi yake,
farantan kaka a gaba, a kwance sosai.
Giya ta biyu. Ƙafa kamar mai taka ƙwai.
Motar ta yi nishi, ta girgiza,
ta kama haƙori ɗaya, ta kama na biyu,
ta hau.
Ban tsaya ba sai da na ji ƙasa mai tauri.

Da muka koma ɗaukar kaya
farantan kaka na nan, igiyarsu a waje
kamar wutsiyar ƙadangare.
Allon Gilvandro ɗaya muka gani.
Ɗayan, rairayi ya karɓi ladansa.
Muka tona har inuwa ta yi tsawo,
Dona Cleonice ta ce ƙanƙararta ba ta san allo ba.

Shekara shida ke nan ina bin hanyar.
Tudun ya matsa, tafkin ya ƙafe ya dawo.
Na sayi allunana, ruwan lemo su ma,
kuma kafin na cire musu leda
na ɗaura wa kowanne igiya kamu huɗu.
Har yau in na zo wurin nakan rage gudu,
ba sosai ba,
in leƙa ta taga.