Kafin Tafki Ya Daskare

Kwale-kwale na ƙarshe ya hau tudu jiya.
Na fesa masa ruwa, gansakukar wata biyar
ta bi gangare ta koma inda ta fito.
Yau saura kai, injin wanki,
kai da Aulis ya bar mini
tare da bashin banki da karen da ba ya jin kira.

A Puumala, ƙarshen Oktoba,
rana ba ta zama, leƙowa take ta wuce.
Don haka na fito da kai tun da safe,
nan fili, inda iska za ta kwashe hayaƙinka.

Bara na yi sakaci.
Na tura ka rumfa da ruwa a ciki, na ce sai gobe,
goben ta zo da ƙanƙara.
Da Mayu ta kama, famfonka ya tsage
kamar kwalbar da aka manta a waje.
Oiva makaniki bai ce uffan ba,
ya dai ɗaga gira, ya rubuta kuɗi.
Wanda maciji ya sara,
ko tiyo ya gani sai ya ja da baya.

Ga takardar Aulis nan a bango, ƙusa ɗaya ke riƙe ta,
baƙin mai ya cinye rabin rubutun.
Sauran rabin na haddace.

Na tsiyaye fetur cikin galan,
na bar ka ka lashe ɗan ragowar har ka yi tari ka yi shiru,
don tsohon fetur danƙo yake zama a maƙogwaro.
Na kashe ruwa, na danna kunamar bindiga,
ta yi ajiyar zuciya, nauyin cikinta ya fita.
Tun kana da ɗumi na kwance noti,
baƙin mai ya sauko a hankali cikin tsohuwar tasa,
na zuba sabo, mai launin zuma.

Sai ka huce kafin in taɓa fulogi.
Na san dalili, tabon yana nan a yatsana.

Bakin feshi ya toshe da ƙwayar yashi ɗaya tak.
Ɗaya tak!
Allura ta fitar da ita,
na ɗaga shi sama, na hango gajimare ta cikin hujin.
Matata kuwa na wanke ta da tsohon buroshin haƙori.

Eetu, ɗan maƙwabta, ya riƙe mini mazurari
muka ɗura maka ruwan hana daskarewa,
na ja igiya sau biyar, sannu sannu,
har ya ɓullo ta ɗaya gefen.
Ya ce, Sirkku, injin ma barci yake yi?
Na ce, yana yi, in an yi masa shimfiɗa.

Tiyo na naɗe shi da faɗi, ban karya masa baya ba.
Galan ya tafi can ƙuryar waje, nesa da murhu.
Kai kuma na ɗora ka kan katako,
na toshe bakin salansa saboda ɓeraye,
na lulluɓe ka da tsohon bargon Aulis,
leda gumi take sawa, gumi kuma tsatsa.

Duhu ya riga ni zuwa ƙofa.
Na ciro fensir, a ƙasan rubutunsa
na ƙara layi ɗaya da hannuna:
kada ki ce gobe.