Littafin da Ba Shi da Bango

Ihlas, riƙe nan, kada ki tambayi sunansa,
bangon ya tafi tun a hannu na uku.
Ni ce ta tara, ke ce ta goma,
in kin yarda ki dawo da shi ran Talata.

Kada kaurinsa ya ba ki tsoro.
Ni ma na ce kwana bakwai zan yi masa,
sai ga ni da asuba, an ɗauke wuta,
ina haska shi da wayar Yaya Tijjani
har ta mutu a tafin hannuna.
Na sha faɗa, ban ji zafinsa ba.

Labarin wata ce mai shekara sha biyar,
tana in'ina, don haka ta zaɓi shiru,
'yan ajinsu suka ɗauka girman kai ne.
Ba ta da kyan da ake yi wa waƙa.
Ƙuraje ne a goshinta, irin nawa,
ga ƙane mai sace mata fensir,
ga uba mai gyaran keke, bai iya cewa sannu ba,
sai dai ya ajiye mata mangwaro a bakin taga.
Da na kai nan, na ɗaga kai na dubi Baba
yana hura gawayin gahawa,
kamar yau na fara ganinsa.

Juya can baya, shafin da a da fari ne.
Dokarmu ce, wanda ya gama ya bar layi.
Ga Muzammil, rubutu kamar kaza ta yi tono:
"Na maza ma ne. Kada ku ce ni na faɗa."
Ga Ishraƙa da jan biro: "Babi na shida ƙarya ne,
ba wadda ke yafewa da wuri haka."
Siddiƙ ya amsa a ƙasa: "Ke ce dai ba kya yafewa."
Sati biyu ba sa gaisawa.
Wani bai sa suna ba, ya zana dutsen Totil
da 'yar mutum a samansa, baki buɗe.
Wannan tabon kuwa man ful ne, na Mu'awiya.
Ya rantse hawaye ne.
Hawaye ba sa ƙanshin riɗi.

Malam Attayyib ya gan shi cikin littafin lissafina,
ya karɓe, ya ce tatsuniya ba ta cin jarrabawa.
Kwana huɗu ya yi a wurinsa.
Ya dawo an lanƙwashe kunnen shafi na tamanin.
Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba.

Abu ɗaya zan gaya miki tun yanzu,
kada ki ce na yaudare ki:
ƙarshen babu, ganye uku sun tafi.
Mawadda ce ta zo da shi Kasala daga Umdurman
a ƙasan jaka, tsakanin takalmi da takardar haihuwa,
shekarar da ajinmu ya cika da baƙi.
Ran da motarsu za ta tashi zuwa Bur Sudan
ta yage su a gabana, ta ninke,
ta ce, "Mai son ƙarshe ya neme ni."

Tun daga nan kowa da nasa.
Muzammil ya ce yarinyar ta yi magana a gaban taro.
Ishraƙa ta ce a'a, barin garin ta yi.
Ni ban yanke ba, jira nake
kamar yadda kogin Gash ke kwance, yashi zalla,
wata da watanni, sai dare ɗaya ya kawo ruwa.

Karanta shi a inuwar darbejiya, ba cikin rakasha ba.
Kada ki ba ƙanwarki sai ta kai sha uku.
In kin zo inda ta kasa faɗin sunanta,
ki ajiye, ki sha ruwa, ki dawo.
Na bar miki wuri ƙarƙashin layina,
kaɗan ne, faɗin yatsa biyu.

Talata, Ihlas.
Na sha ɗaya yana jira,
tun jiya yake tare ni a bakin famfo.