Abin da Lahsen Mai Amalanke Ya Faɗa Mini a Ƙofar Sawira

Nan mota take tsayawa, baƙo,
ganuwa ba ta san taya huɗu ba.
Ɗora akwatinka bisa amalankena,
amma mu gama ciniki tun nan,
kada mu isa masauki muna kallon-kallo.

Takalmin nan naka na ofis ne.
Duwatsun lungunmu sun tsufa da cin dunduniya,
raɓar teku ta ƙara musu santsi.
Sa mai taushi.
Hular kuma cusa ta a jaka,
iskar garin nan ba ta sallama.
Jiya ta tuɓe wa wani Bature malafa,
ta kai wa kifi.
Riƙe rigar sanyi, ko da rana na dukan ƙeya.

In ka ɓata, kar ka baje taswira a titi,
masu nuna hanya za su fi hanyoyin yawa.
Bi ƙarnin kifi kawai,
zai kai ka bakin ruwa,
daga can ba ka sake ɓata.

Sadin kuwa, duba idonsa.
In ya dushe, wuce.
Lalla Zuhur na gashi a rumfa ta uku,
hannunta da albarka, lissafinta da gudu,
tambayi kuɗi kafin ya hau wuta,
gasasshen kifi ba ya komawa teku.
Kare farantinka, tsuntsayen nan ba su da kunya.
Kyanwa ce mai ladabi,
ba ta kan kifin.

Tsohon da ke ɗinkin koma, Si Bushaib ne.
Gaisuwa tukuna, hoto daga baya,
in ya girgiza kai, mayar da wayarka.

Gab da magariba hau saman ganuwa,
inda tsofaffin igwa suka zuba wa ruwa ido.
Kar ka zauna a gefe,
igiyar ruwa takan miƙo hannu.
Za ka gan ni can, amalanke a jingine.
Kar ka kira ni aiki a wannan sa'a.
Shuɗɗan kwalekwale na shigowa,
ni kuwa ƙirga su nake.
Shekara tara ke nan da Idir, autana, ya fita da asuba,
kullum lissafina saura ɗaya.

To, mun iso.
Wannan ƙofar mai ƙusoshi.
Buga da ƙarfi, uwar gidan kunnenta ya yi nauyi.
Dirhami ashirin muka yi, ko?