Kwano Biyu

Wata tara muna kwana ƙarƙashin shuɗin tamfol
a Port Charlotte, layi na uku daga bakin ruwa.
Guguwar Satumba ta yaye mana rufi
yadda ake yaye ɓawon dafaffen rogo,
ta bar mu da bokiti huɗu
da taswirar danshi a silin ɗakin Zulai.

Sai ga takarda biyu a kan tebur,
na danne su da kwalbar yaji.
Ɗaya ta tayil, ɗaya ta kwano.
Kuɗin inshora bai kai ƙugun ko ɗaya ba.

Ni tayil nake so.
Jan yumɓu, layi-layi kamar sabon kitso,
gida ya yi kwarjini, ɗaki ya yi sanyin randa.
A ƙarƙashin kwano na girma a Gusau,
na san yadda yake gasa mutum da azahar,
na san tsatsa, na san duwatsun da ake ɗorawa
don kada iska ta tafi da ɗakin uwata.
Ban ƙetare teku don in koma cikin gwangwani ba.

Tanimu bai yi musu ba. Ba ya musu.
Fita ya yi, ya dawo da tsingaro,
ya ajiye kusa da yajin.
Na gane shi.
Daga rufin Misis Pruitt ya taso a daren nan,
ya fasa tagar kicin, ya lotsa ƙofar firij
daidai tsayin kan Zulai.

Osvaldo mai rufi ya hau tsani, ya sauko yana kaɗa kai.
Tayil nauyi gare shi, katakonku ya tsufa,
sai an ƙara masa ƙashi.
Kwano kuma, in ba alminiyam ba,
gishirin tekun nan zai lashe shi sannu a hankali.
Madam, iska ba ruwanta da kyau.
Ƙusa take tambaya:
guda nawa, kuma a ina aka kafa.

Da dare, ya dawo daga asibiti yana warin magani,
Tanimu ya faɗi abin da bai faɗa gaban takardu ba.
Shekarar da babansa ya sayar da gyaɗa da ɗan maraƙi
ya sauke jinka ya ɗora kwano,
ruwan farko suka ƙi barci, su bakwai,
suna sauraron arziki yana buga ganga a kansu.
Shekara ashirin da uku, in ji shi, ban ji ruwa ba,
ganinsa kawai nake yi ta gilashi.

Tsingaron ne ya sa hannu.
Ni biro kawai na riƙe.

Kwana shida suna ɗaure shi, ruwan toka,
ba kan ƙusa ko ɗaya a waje,
an shimfiɗa masa soso mai kauri saboda zafi.

Yuni ya zo da hadarinsa na la'asar.
Tanimu ya kashe fanka, ya kashe talabijin,
ya zauna tsakiyar falo ya ɗaga kai
kamar mai jiran a kira sunansa.
Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Shiru.
Ashe kwanon Amurka ba ya magana.

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kaiwa ido.

Na shiga kicin na ɗauko kwanon sha,
wanda na zo da shi a ƙasan akwati,
mai furen da ya koɗe,
na fita ba lema,
na kife shi inda rufin ke zubarwa,
bakin tagar da muka sake wa gilashi.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.
Sannan ya ɓarke.

Zulai ta fito tana toshe kunne,
Mama, meye wannan kuma?
Babanta ya ce, matso nan, zauna.

Har gobe ina ganin tayil ya fi kyau.
Ban dai faɗa ba.
Na tsaya bakin ƙofa, zanina yana ɗiga.